Tafiya Gana Ba Abokin Hanya: Yadda Matafiyi Zai Tsare Kansa

Da zarar an gama girbi, an ɗaure dawa an kai rumbu, ƙauyuka da yawa na ƙasar Hausa sukan rage mutane. Wasu su tafi cin rani Kano ko Kaduna ko Legas, wasu kuma su zarce su tsallaka iyaka. Daga cikin ƙasashen da aka fi nufa har da Gana. Akwai mai zuwa sarin goro, akwai mai kai albasa ko dabbobi, akwai mai neman aikin ƙarfi, akwai almajirin da ya ji labarin wani malami a Kumasi, akwai kuma wanda zai je duba ɗan'uwan da ya daɗe bai leƙo gida ba. Da yawansu su kaɗai suke kama hanya.

Hanyar dai tsohuwa ce. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja ɗauko goro a kasuwar Salaga sun bi ta shekaru aru-aru kafin a san mota. Sai dai su ba sa tafiya ɗai-ɗai. Ayari ake haɗawa na ɗaruruwan mutane da jakuna. Akwai madugu wanda shi ne uban tafiya, shi ke shiryawa da sarakunan hanya a kan kuɗin fito, shi ke zaɓen zango, shi ke raba gardama. Akwai jagaba da ke wucewa gaba don duba hanya. In mutum ya yi rashin lafiya akwai mai jinyarsa, in ya mutu akwai mai kai labari gida. Yau mota ta rage tafiyar wata da watanni ta koma ta 'yan kwanaki, amma ta watsa ayarin. Wanda ya fita shi kaɗai, shi ne madugun kansa, shi ne jagaban kansa. Duk aikin da mutum goma ke yi wa fatake a da, yanzu a wuyansa yake.

Takardu kafin guzuri

Mutane da dama sun ji an ce ƙasashen Afirka ta Yamma sun zama ɗaya, ba a bukatar komai wajen shiga. Wannan magana rabinta ce gaskiya. An kafa ƙungiyar ECOWAS, wadda a Nijar aka fi sani da CEDEAO, a Legas cikin 1975. A 1979 ƙasashen ƙungiyar suka amince cewa ɗan kowace ƙasa daga cikinsu zai iya shiga wata ba tare da biza ba, ya zauna har kwana 90. Biza aka ɗauke. Ba a ɗauke takardar shaidar tafiya ba. Dole matafiyi ya riƙe fasfo, ko kuma takardar tafiye-tafiye ta ECOWAS, wadda Hukumar Shige da Fice ta Nijeriya ke bayarwa a ofisoshinta na jihohi, kuma ta fi fasfo sauƙin kuɗi. Mutum ya je ofishin da ƙafarsa. 'Yan tsakiya da ke tsayawa bakin ƙofa suna cewa za su gaggauta aiki sun jefa mutane da yawa cikin wahala, domin takardar jabu ba a gane ta sai an kai bakin iyaka, inda ba mai ceto.

Ga mutanen Nijar akwai ƙarin bayani. Nijar da Mali da Barkina Faso sun fice daga ECOWAS ranar 29 ga Janairun 2025. A lokacin ƙungiyar ta ba da sanarwar cewa za ta ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar 'yan waɗannan ƙasashe, su kuma ci gaba da shiga ba biza, har sai an ji wata sanarwa. Tun da abu ne da zai iya sauyawa, mai shirin tafiya ya tambayi ofishin shige da fice mafi kusa da shi a cikin makon da zai tashi, kada ya dogara da labarin wanda ya je bara.

Takarda ta biyu ita ce katin allurar rigakafin zazzaɓin shawara, wato katin nan ruwan ɗorawa. Ana neman sa a iyakokin Benin da Togo da Gana. Allurar sau ɗaya ake yin ta, kuma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa guda ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Amma katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar. Wanda ya yi ta yau ya kama hanya gobe, kamar bai yi ba ne a wurin ma'aikatan iyaka. Akwai masu sayen katin a tasha ba tare da an yi musu allurar ba. Waɗannan sun yaudari ma'aikaci, amma ba su yaudari sauro ba, kuma zazzaɓin shawara ciwo ne mai kisa.

In takardu sun kammala, sai a kai su shagon ɗab'i a yi musu hoto kofi biyu. Ɗaya a bar shi gida hannun wanda aka amince da shi, ɗaya a sa shi wani wuri dabam da inda ainihin takardun suke. Mai babbar waya ya ƙara da ɗaukar hotonsu ya tura wa wani ɗan'uwa.

A bar sawu a gida

Akwai wata al'ada da ta daɗe, ta mutum ya sulale da asuba ba sallama, wai don gudun baki ko don kada iyaye su hana shi. Ga mai tafiya shi kaɗai wannan al'ada haɗari ce babba. Ba a ce ya yi shela a kasuwa ba. Amma lalle a sami mutum ɗaya ko biyu, uba ko wa ko mata ko mai unguwa, da suka san garin da ya nufa, da hanyar da zai bi, da sunan wanda zai sauka wurinsa, da ranar da ake sa ran isarsa. Su kuma yi alkawarin ranar da zai riƙa kira, alal misali kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Amfanin wannan a fili yake: in Juma'a biyu ta wuce ba a ji shi ba, an san lokacin fara cigiya ya yi, an kuma san inda za a fara. Gidaje da yawa sun shekara suna jiran ɗansu, ba su san ko ƙasar da zai je ba balle garin.

Lambobin waya kuma a rubuta su a takarda, kada a bar su cikin waya kawai. Waya ita ce abin da ɓarawo ke fara ɗauka, kuma mutane kaɗan ne yanzu suka haddace lambar ko da matarsu. A kula cewa daga waje ba a buga lambar gida yadda aka saba. Mai kiran Nijeriya zai fara da +234, sannan ya jefar da sifirin farko na lambar. Nijar +227 ce, Gana kuwa +233. Wanda karatunsa bai yi ƙarfi ba ya sa a rubuta masa lambobin cikakku da manyan alƙaluma, yadda zai miƙa wa kowa ya buga masa.

Wace hanya?

Manyan hanyoyi biyu ne. Ta farko ita ce ta bakin teku: daga Kano ko Sakkwato zuwa Legas, daga nan a tsallaka iyakar Seme a shiga Benin, a wuce Kwatano, a tsallaka a shiga Togo, a ratsa Lome, sannan a shiga Gana ta Aflawo, a nufi Akara, wadda tsofaffi ke kira Ankara. Daga Legas zuwa Akara bai kai kilomita 500 ba, amma iyaka uku ce a tsakani, don haka tafiyar kan cinye yini guda. Daga Akara zuwa Kumasi kimanin kilomita 250 ne.

Ta biyu ita ce ta arewa, wadda ke bi ta Yamai da Wagadugu, a shiga Gana ta Paga, a gangaro Tamale zuwa Kumasi. Ita ce ta fi kusa da sawun fataken da, kuma ita mutanen Nijar suka saba da ita. Sai dai a shekarun nan gabashin Barkina Faso da yammacin Nijar sun sha hare-haren 'yan bindiga, an tare motoci, an dasa nakiyoyi a kan hanya. A arewa maso gabashin Gana ma rikicin sarautar Bawku ya sake tashi tun 2021, an sha kafa dokar hana fita, an kuma taɓa kai wa motocin fasinja hari a hanyoyin yankin. Mai tafiya shi kaɗai gara ya zagaya ya ƙara kuɗin mota.

Iyaka kuma takan rufe ba zato. Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 an rufe iyakarta da Nijeriya sai a Maris ɗin 2024 aka buɗe, gadar Gaya da ke tsakaninta da Benin kuwa ta fi haka daɗewa a rufe. Direbobin babbar tasha su ne suka fi kowa sanin halin da hanya ke ciki a makon, kuma matambayi ba ya ɓata.

A shiga mota a cikin tasha, inda ake rubuta sunan fasinja da lambar wani nasa. Motar bakin titi tana da araha, amma ba wanda ya san wa ya shiga, ba wanda ya san direban. In da hali a shirya tafiyar yadda za a isa kowace iyaka da rana, a kuma isa garin da aka nufa kafin magariba. Wani ƙaramin abu da ke rikita baƙi: agogon Togo da Gana yana bayan na Nijeriya da Nijar da Benin da awa ɗaya. In agogon mutum ya nuna ƙarfe 8, a Lome ƙarfe 7 ne.

Bakin iyaka

Nan ne wurin da ya fi kowane wuri bukatar natsuwa. Da mota ta tsaya, sai matasa su yanyame fasinja. Wannan ya ce kawo fasfo in buga maka hatimi, wancan ya ce hau babur in zagaya da kai ta bayan gari ba ka biyan ko sisi. Wasu ma da Hausa za su yi masa magana, su kira shi ɗan'uwa. Matafiyi kada ya saki takardarsa sai a hannun ma'aikaci mai kaki, a cikin ofis ko a bakin tagarsa, kuma idonsa na kanta har ta dawo.

Zagayawa ta barauniyar hanya tana da daɗi a ranar, amma bashi ce. Wanda ya shiga ƙasa ba hatimin shiga, a idon doka bai shigo ba, ya kutso ne. Duk shingen da aka tsayar da shi a cikin ƙasar sai ya yi bayani, ranar fita kuma za a tambaye shi ta ina ya shigo. Kowace iyaka hatimi biyu ne: na fita daga ƙasar da aka baro, da na shiga wadda aka iso. In an buga, mutum ya duba kafin ya bar tagar, ko ya sa wani fasinja ya karanta masa: kwanan wata daidai ne? Kwana nawa aka rubuta masa? Abin da aka rubuta a hatimin shi ne wa'adinsa, ko da ya gaza kwana 90.

Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa a shingaye da yawa na wannan hanya ana neman na goro, ko da takardun mutum sun cika. Direbobi da 'yan kasuwa sun daɗe suna kuka a kai. Abin da ke hannun matafiyi shi ne ya yi magana da ladabi, ya nemi rasit in an ce kuɗin hukuma ne, kada ya ɗaga murya, kada kuma ya fito da damin kuɗinsa gaban jama'a. Wanda takardunsa suka cika yana da bakin magana. Wanda ba shi da su, duk abin da aka yanka masa sai ya biya. A Benin da Togo harshen aiki Faransanci ne, kuma ban da 'yan sanda akwai 'yan duwan, wato kwastan, a Togo kuma har da jandarmomi. Kada a ɗauki hoton shinge ko gada ko barikin soja da waya. Kada kuma a sa riga ko wando ko hula mai zanen kakin soja, domin a Gana haramun ne ga farar hula.

Kuɗi iri uku, lissafi iri uku

Mai bin hanyar teku zai taɓa kuɗi iri uku: naira, da sefa a Benin da Togo, da sidi a Gana. 'Yan canji na bakin iyaka sun san baƙo da gani. Kafin a isa, a tambayi direba ko fasinjan da ya saba hanya nawa canji yake a ranar. A canza kaɗan, na abinci da mota, sauran a bari sai an isa gari an sami wanda mai masauki ya sani. A ƙirga kuɗin da aka karɓa a gaban mai canjin kafin a miƙa nasa, kuma in ya karɓe su ya ce bari ya sake ƙirgawa, to a sake ƙirgawa bayansa, don a nan ake zare wasu.

Lissafin baki ma yana da tarko. Hausawan ƙasashen sefa da dala suke ƙirge, kuma dala ɗaya sefa 5 ce. In mai abinci ta ce dala ashirin, sefa 100 take nufi. Jika kuwa a wurinsu sefa 1,000 ce, alhali a Nijeriya jaka naira 200 ce. A Gana an sauya kuɗi a Yulin 2007, aka cire sifiri huɗu, tsohuwar sidi 10,000 ta koma sabuwar sidi 1. Har yanzu akan sami 'yan kasuwa, musamman tsofaffi, da ke faɗin farashi da tsohon lissafi. In aka ce wa baƙo miliyan ɗaya kada gabansa ya faɗi, mai yiwuwa sidi 100 ake nufi. Hanya mafi sauƙi ita ce a sa mai kaya ya rubuta farashin da alƙaluma. Sannan a sani sefa iri biyu ce. Ta Nijar da Benin da Togo dabam, ta Kamaru da Cadi dabam. Darajarsu ɗaya, amma ba a kashe wannan a ƙasar waccan.

Kuɗin guzuri a raba su wuri biyu ko uku. Na kashewa a aljihun gaba, jari a lalitar da ke ɗaure a ƙugu ƙarƙashin riga, sannan kuɗin motar komowa a ɗinke su wani wuri a manta da su. Wannan na ƙarshe shi ne ke raba wanda ya komo gida da wanda ya maƙale.

Kayan saƙo

Bahaushe yana jin nauyin ƙin karɓar saƙo. A tasha wani zai zo da ƙunshi, ya ce don Allah a miƙa wa ƙaninsa a Aflawo, zai tare mota. A ƙauye wannan zumunci ne. A kan iyaka kuwa doka ba ta san saƙo ba, wanda aka kama kaya a hannunsa shi ne mai kaya. Ƙwayoyi irin su tramadol da tabar wiwi da harsasai duk ta haka ake tsallakar da su, kuma hukuncinsu ɗauri ne mai tsawo. Wanda ba a sani ba, a ba shi haƙuri. Wanda aka sani, ya buɗe saƙon a gani da ido kafin a karɓa, in ya ji haushi ya riƙe abinsa.

Ko jakar mutum ta kansa sai da lura. A Disamban 2018 an kama wata ɗaliba 'yar Nijeriya a Saudiyya, saboda wata jaka mai ɗauke da ƙwayoyi da aka liƙa wa sunanta a filin jirgin sama na Kano ba da saninta ba. Sai da hukumar NDLEA ta gano masu hannu a ciki, gwamnati ta sa baki, sannan aka sake ta a Afrilun 2019 bayan wata huɗu a tsare. Ita ta sami masu tsaya mata. Don haka matafiyi ya san yawan jakunkunansa, ya sa musu kwaɗo da alama, ya kuma tsaya ya ga an ɗora su. Mai shan magani kullum, kamar na hawan jini ko ciwon sukari, ya tafi da shi cikin kwalinsa na asali tare da takardar likita.

Abinci da abin sha daga hannun abokin zama a mota ma sai a yi hattara. An sha sa wa fasinja maganin barci a lemo ko biskit, ya farka ya ga ba jaka ba lalita. Cewa "na gode, na ƙoshi" ba rashin ladabi ba ne.

Sauka a zango

A nan Bahaushe ya fi baƙi da yawa sa'a. Kusan kowane babban gari a Gana yana da zango, wato unguwar da fatake da malamai suka kafa, inda Hausa ce harshen kasuwa da masallaci. A Akara akwai Nima da Mamobi da Sabon Zango da Madina. A Kumasi akwai Aboabo da Asawase da sauransu. Kwatano da Lome ma suna da nasu. Baƙo zai ji Hausar ta ɗan sha bamban, ba a cika rarrabe namiji da mace a magana ba, kuma an gauraya ta da Turanci da harshen Tuwi na Asante. Zai kuma tarar da koko da ƙosai da fura da tuwo, da shinkafa da wake wadda duk Gana ke kira wace.

Tsarin da aka gada shi ne baƙo ya sauka hannun maigida, wanda zai ba shi wurin kwana, ya ajiye masa kuɗi, ya haɗa shi da dillali, ya kuma tsaya masa in magana ta taso. Wanda ya zo ba shi da kowa, ya nemi babban masallacin zango, ya gabatar da kansa ga liman ko Sarkin Zango, ya faɗi garinsu da abin da ya kawo shi. Da wuya a rasa wani ɗan yankinsu. Wannan ya fi kwana a tasha nesa ba kusa ba. Mace mai tafiya ita kaɗai ta nemi a haɗa ta da gidan da ke da iyali, kuma tun daga gida a san sunan matar da za ta sauka wurinta.

Amma jin Hausa a bakin mutum ba shaidar amana ba ce. Macuci ya san baƙo yana sakin jiki da ya ji harshen gida. A 'yan kwanakin farko baƙo ya rage yawo da dare, ya bar faɗin yawan jarinsa, ya riƙe sunan unguwa da na maigidansa a rubuce a aljihu. Manyan kasuwanni irin Kejetiya ta Kumasi cunkoso gare su, kuma 'yan sane ba sa hutu.

Dokar gari

Izinin shiga ba izinin yin kowace sana'a ba ne. Dokar zuba jari da Gana ta yi a 2013 ta keɓe ƙananan saye da sayarwa a kasuwa, da talla, ga 'yan ƙasa. A kan haka aka rufe shagunan 'yan Nijeriya da dama a Kumasi da Akara a 2019 da 2020. Haƙar zinariya ba izini, wadda suke kira galamse, tana jan samari da yawa, amma ramuka na rufta wa mutane, kuma baƙon da aka kama yana fuskantar ɗauri da kora. Bara ma haka: a Mayun 2025 hukumar shige da fice ta Gana ta kwashe baƙi fiye da 2,000 masu bara a titunan Akara, akasarinsu 'yan Nijar, ta mai da su gida.

Wanda kwanakinsa suka kusa cika kuma bai gama abin da ya kawo shi ba, ya je ofishin shige da fice ya nemi ƙari tun wa'adin bai wuce ba. Mutane sukan ce ai wane ya shekara 20 ba takarda ba abin da ya same shi. Haka aka riƙa faɗi kafin Nuwamban 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar Gana. Dubban Hausawa da Yarbawa suka bar gidaje da shaguna. A 1983 Nijeriya ta yi irin nata, ta kori baƙi marasa takarda, ciki har da 'yan Gana kimanin miliyan ɗaya. In irin wannan rana ta zo, takarda kaɗai ake dubawa. Haka kuma baƙo ba ruwansa da siyasar gari, ko zanga-zanga, ko rikicin sarauta, ko da maigidansa na ciki.

Akwai kuma masu kiran samari da 'yan mata ta waya, su ce ga aiki a Gana mai albashin dala, a turo kuɗin rajista a taho. In an iso sai a karɓe fasfo da waya, a kulle mutum a wani gida tare da wasu, a tilasta masa kiran 'yan'uwa su turo kuɗi ko su ma su taho. 'Yan mata kuwa akan jefa su karuwanci. Sau da yawa muryar da ta yi kiran ta aboki ce ko ɗan'uwa, wanda shi ma a kulle yake. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Duk aikin da za a ce sai an biya kafin a gan shi, ko a ce a miƙa fasfo a ajiye, a tsaya a bincika. A Nijeriya hukumar NAPTIP, wadda aka kafa a 2003, ita ke karɓar irin wannan ƙara.

In abu ya faru

Ciwon da ya fi kama baƙo shi ne zazzaɓin cizon sauro da gudawa. Gidan sauro ba shi da nauyi a jaka. Ruwa kuma a sha na leda ko na gora wanda ba a buɗe ba, ko a tafasa. In gudawa ta kama mutum, ya sami ruwa mai tsabta lita ɗaya, ya zuba sukari ƙaramin cokali 6 da gishiri rabin ƙaramin cokali, ya riƙa kurɓa har ya isa asibiti. Zazzaɓin da ya kwana biyu ba a jira da shi. Lambar neman agajin gaggawa a Gana ita ce 112.

In fasfo ya ɓata ko an sace, a fara kai rahoto ofishin 'yan sanda mafi kusa a karɓi takardar rahoton. Da ita da kofin da aka ajiye za a je ofishin jakadanci. Nijeriya tana da ofishi a Akara da Lome da Kwatano, kuma suna ba da takardar gaggawa ta komawa gida. In kuwa kama mutum aka yi, yana da haƙƙin ya nemi a sanar da ofishin jakadancin ƙasarsa, kamar yadda yarjejeniyar Biyana ta 1963 ta tanada. Ya nemi tafinta, ya nemi a kira maigidansa ko Sarkin Zango. Kada ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a takardar da ba a karanta masa ba a harshen da yake ji, ko da an ce masa ta sallama ce.

Ranar komowa, a sake bin tagogin nan a karɓi hatimin fita da na shiga kamar yadda aka yi da zuwa. Mai ɗauke da goro ko atamfa ya riƙe rasit ɗin sayensu don 'yan kwastan. Sauran sidi da sefa na takarda a canza su a iyaka, tsaba kuwa a kashe su kafin a tsallaka, domin 'yan canji ba sa karɓar su. Sannan ya kira gida ya faɗi motar da ya shiga da tashar da zai sauka.